Maganar da ta Fita daga Zauren Surukina

Ranar kasuwar Makarfi surukina ya rasu, da hantsi, kuma kafin azahar rumfunan 'yan rake sun yi wayam. Mutane suka bar kayansu a hannun maƙwabta suka biyo gawa. Na halarci jana'iza da yawa a garin nan, amma ban taɓa ganin wadda masu saye da masu sayarwa suka tsaya sahu ɗaya suna share hawaye kamar ta Baba ba. Haka muke kiransa, ni da 'yarsa da nake aure, haka ma rabin kasuwa.

Kwana uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Wani tsohon ɗan kasuwa daga Kano ya ce ya fi shekara talatin yana sayen rake ta hannun Baba, amma bai taɓa gane abin da ke ransa ba sai an gama ciniki. Wani manomi daga Kudan ya karɓe, ya ce shi kuwa bai taɓa kama shi da ƙarya ba. Suka shiga gardama ƙasa-ƙasa, wannan na cewa mutum ne mai tsauri, wancan na cewa babu mai sauƙinsa, har sai da ƙanin marigayin ya raba su, ya ce duk gaskiya suka faɗa. Wata Bafulatana mai nono ta zo ta zauna a gindin katanga, ta ƙi shiga cikin gida. Ta ce tun tana amarya take kawo masa nono, bai taɓa taya ƙwaryarta ba, abin da ta faɗa shi yake ba ta. Daga cikin gida kuma matata ta kawo mini abin da Inna, mahaifiyarta, ta faɗa wa mata masu ta'aziyya: wai duk zaman da suka yi bai taɓa kawo mata sirrin wani ba, sai dai ta ji a gari bayan ya tsufa.

Duk wanda ya gama addu'a sai ya juyo gare ni ya riƙe hannuna, ya ce sai haƙuri Malam, ai kai ne ka gaje shi. Ni kuwa sai in kafa wa tabarma ido. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don akwai tabo guda a sunansa wanda ni na shafa masa, ya kuma tafi da shi kabari.

Ni malamin firamare ne a Ikara. Da albashi ya daina kai mu ƙarshen wata, matata ta roƙi mahaifinta ya riƙa tafiya da ni wajen aikinsa ranakun da babu makaranta. Aikinsa dillancin rake ne. Manomi yana da gona, mai saye ya zo daga Kano ko nesa da nan ya sayi raken yana tsaye, Baba kuma ya shiga tsakani har a daidaita, ya karɓi la'adarsa. Zaman suruki da suruki a rumfa ɗaya abu ne mai nauyi. Watannin farko ko ruwa ba na iya sha a gabansa. Da ya lura, sai ya riƙa ƙirƙiro mini aike daidai lokacin cin abinci. Bai taɓa kiran sunana ba. Malam yake ce mini, tun ranar ɗaurin aure.

Gajere ne, siriri, ba ya sauri a komai. Kunnensa na hagu ya mutu tun wani zazzaɓi da ya yi yana saurayi, kuma bai ɓoye wa kowa ba. Sai dai in an zauna ciniki, ta wannan ɓangaren yake zaunar da mai saye. Mutum ya yi tayi, Baba ya karkato ya ce bai ji ba. Da yawa in za su maimaita sai kunya ta kama su su ɗan ƙara. Na taɓa yi masa maganar a hanya, ya yi dariya har da tari, ya ce shi dai Allah ya sani bai ji ba, in mutum ya ji nauyin maimaita tayinsa, to tun farko ya san bai kyauta ba. Yana da wata 'yar wuƙa mai ƙotar katako. In aka kai inda ake jiran amsarsa, sai ya ɗauki kara ɗaya ya fara feƙewa a hankali, ya yanka gaɓa, ya miƙa wa mai saye, ya yanka wa kansa. Kafin a gama tsotsa, wani cikin mutanen biyu ya gaji da shirun ya faɗi abin da bai yi niyyar faɗa ba.

Ciniki na farko da na gani daga fari har ƙarshe a wata gona ne a bayan Kudan. Ta gefen rafi tsutsa ta shiga raken, wajen kunya goma. Na ɗauka za a bi da mai saye ta ɗaya gefen. Sai Baba ya wuce da shi kai tsaye can, ya karya kara ya nuna masa jan da ke ciki. Mai gonar ya ɓata rai. Amma bayan haka, duk abin da Baba ya ce game da sauran gonar, mai sayen bai ƙara yin musu ba. A lokacin ni da Baba mun san mai gonar yana da bikin ƙanwarsa nan da mako biyu, kuma ko alamar hakan ba ta fito ba. A hanyar komawa na tambaye shi yadda ya tona wancan ya rufe wannan.

Ya ce, "Malam, abin da ke jikin kaya haƙƙin mai saye ne, ka faɗa masa ko bai tambaya ba. Abin da ke cikin gidan mai kaya kuwa ba shi aka kawo kasuwa ba."

Ban taɓa ganin ya saki abu hannu banza ba. In ya rage, zai ce to mai saye ya zo da masu yankansa. In aka matsa ya ƙara ragewa, zai ce a bar wa manomi kan raken ya yi iri, ko a kwashe cikin kwana goma don a samu a dasa tumatir. Ragin farko shi ne babba, na biyu bai kai shi ba, na uku kuwa sai an yi ta fama, har mai saye ya ji a jikinsa cewa an iso ƙasa. Kullum kuma yana ajiye wani ɗan abu har ƙarshe, wanda ya san bai dami manomin ba, sai an kusa shafa fatiha ya bayar da shi kyauta. Ya ce kowa yana son ya koma gida da abin da zai ba abokansa labari. Waya kuwa, yana ɗauka ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da gajiya, amma da an ambaci farashi sai ya ce a zo a ga juna.

Na yi shekara uku ina bin sa. Na fara jin na iya. A raina ma ina ganin na fi shi wani abu, tunda ni na yi boko kuma ina da lambobin mutane a waya.

Wata Asabar da safe ina zaune a zaurensa sai ga wani manomi daga Taba, ɗan wani amininsa da ya rasu. Magidanci ne, sa'ana ko ya ɗan girme ni. Bayan gaisuwa ya dube ni ya yi shiru. Baba ya ce masa ya yi maganarsa, wannan ɗansa ne. Sai ya ce matarsa tana asibiti a Zariya, likitoci sun ce sai an yi mata aiki cikin kwana huɗu ko biyar, kuma ba shi da abin da zai taɓa sai gonar rakensa, wadda saura wata guda ta gama ƙosawa. Ya roƙi kada kowa ya san dalilin. Ya san in aka ji, za a saye shi a wulaƙance.

A makon nan ƙafar Baba ta kumbura, ko masallaci da sanda yake zuwa. Ya kira wani Alhaji daga Kano da ya saba sayen manyan gonaki, suka sa rana washegari. Sannan ya ce ni zan je a madadinsa. Shi ne karo na farko da ya sake mini ciniki ni kaɗai. Ya gaya mini inda zan fara da inda ba zan sauka ƙasa da shi ba, ya ce in bar kan rake a hannuna har ƙarshe. Ya ce in tafi da babur ɗina, mu haɗu da Alhajin a bakin gona. Game da ranar biyan kuɗi kuwa, in bari Alhajin ya fara ambata.

Da safe ina isowa Makarfi Alhajin ya kira ni ya ce ga shi a garin, me zai sa in sha rana a babur. Na shiga motarsa. Akwai sanyi a ciki, ya miƙo mini lemo, ya yi ta tambayata labarin makaranta. Ya ce tsoho ya yi zamaninsa, Allah ya ƙara masa lafiya, amma shi yanzu mai ilimi yake nema wanda zai riƙe masa wannan yankin gaba ɗaya, daga Ikara har Kudan. Na ji kaina ya yi girma. Muna dab da Taba, yana kallon hanya, ya ce abin mamaki ne mutum ya sayar da rake saura wata guda, ko dai gonar tana da matsala ne.

Na ce gona lafiyarta ƙalau. Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma ina so ya ga cewa na san abin da ke ƙasa, ina so ya ga ni nasa ne. Sai na ce matar mutumin ce a asibiti, aiki za a yi mata cikin kwana huɗu. Bai ba ni komai ba, bai yi mini alkawarin komai a kan wannan ba. Ni na miƙa masa da kaina. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya kunna rediyo.

A gona ya zagaya, ya yaba raken, sannan ya yi tayin da ko rabin inda Baba ya ce in fara bai kai ba. Mai gonar ya ce albarka. Na yi ƙoƙarin yin abin da na koya, na kawo maganar masu yanka, na kawo maganar kan rake, amma Alhajin murmushi kawai yake yi. Ya ɗan ƙara kaɗan, ya ce shi ba ya gaggawa, zai dawo bayan mako biyu in raken ya ƙara ƙosawa, ya kama hanyar mota a hankali. Da ya ce mako biyu, mai gonar ya juyo ya dube ni. Na kau da kai. Har Alhajin ya buɗe ƙofar mota mutumin yana tsaye, sannan ya ce ya sallama, da wata murya da ban so in sake ji. Ni na ɗaga hannu na ja fatiha.

Da na koma na ce wa Baba kasuwa ce ta faɗi, Alhajin ya ce rake ya yi yawa a Kano. Yana zaune ya miƙe ƙafar a kan buzu. Ya tambaye ni da me na je. Na ce a motar Alhaji. Ya tambayi abin da muka tattauna a hanya, na ce hira ce kawai. Ya tambaya wa ya fara ambaton rana, kuma kwana nawa ya ce. Da na faɗa, sai ya dubi ƙafarsa.

Ya ce, "Mutumin da ya taso tun daga Kano da mota ba ya cewa zai dawo bayan mako biyu, sai in ya san ba za a iya jiran sa ba."

A nan ya kamata in durƙusa. Maimakon haka sai na hau faɗa. Na ce ciniki ne, babu wanda aka sa wa wuƙa a wuya. Na ce zamani ya canza, kowa da waya a hannu, ko ban faɗa ba zai ji a wani wuri. Na ce da bai tura ni ba in bai yarda da ni ba. Na ɗaga murya a zauren surukina, har Inna ta turo a ga ko lafiya. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce ranar da mai gonar ya zo ya dube ni ya yi shiru, shi ne ya ce masa ya yi magana, saboda haka laifin daga wajensa ya fara. Ya ce in tafi gida, yamma ta yi, Ikara da nisa.

Abin da ya biyo baya daga bakin ƙaninsa na ji, guntu-guntu. Washegari Baba ya kira Alhajin, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi ciniki ta waya, cinikin da aka riga aka shafa wa fatiha. Ba shi da abin da zai riƙe Alhajin da shi, don haka ya sa nasa. Ya ce zai ba shi raken 'yar gonarsa ta fadama a farashin da ya ga dama in lokaci ya yi, shi kuma ya bar wa mai gonar Taba kan rake da kunyoyin gefen gabas. Alhajin ya yarda. Sannan Baba ya hau acaɓa da wannan ƙafar ya tafi Taba. Ya mayar wa mutumin la'ada, ya gaya masa abin da ya samo, ya ce masa maganar da ya ba shi amana daga zaurensa ta fita, yana neman gafara. Mutumin ya tambaya ko ni ne na faɗa. Baba ya ce shi aka ba amana, shi ya zo.

Bai yi ƙarya ba, amma abin da mutumin ya fahimta daban. An yi wa matar aiki ta tashi, alhamdu lillahi. Sai dai a Taba magana ta bazu cewa tsufa ya kama tsoho, bakinsa ya saki. A kakar da ta biyo manoman can suka kai gonakinsu wajen wani dillali, kuma ba su dawo ba. Mutanen da iyayensu ma ta hannunsa suka sayar. In sun gan shi a kasuwa sai su gaishe shi a tsaye su wuce. Alhajin kuwa bai ƙara kira na ba. Na ji ya ce wa wani ba zai ba wa mai irin bakina sirrin aljihunsa ba.

Shekara shida ina jin ana faɗar wannan magana a kan Baba. Sau biyu an faɗe ta a gabana, a wajen mai shayi, na ci gaba da juya cokali. Bayan wata uku da faɗanmu Baba ya aiko matata ta ce in dawo rumfa, na dawo, ya ci gaba da koya mini kamar babu abin da ya faru. Bai gaya wa 'yarsa ba, bai gaya wa Inna ba. Abu ɗaya ne ya canza: in wani ya zo da magana ya dube ni ya yi shiru, Baba ba ya ƙara cewa wannan ɗana ne. Sai ya ce, Malam, ɗan duba mana ko motar nan ta iso. Ni kuma in tashi in fita, ina sane da cewa babu wata mota.

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da shi na je duba shi wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mu biyu ne a ɗakin. Na shirya maganata tun daga Ikara, na maimaita ta a kan babur. Na zauna ta gefen kunnensa mai ji, na gaishe shi, na tambayi jiki, sai na tsaya a nan. Ya dube ni ya ce, "Malam, akwai magana ne?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ya jira. Ya daɗe yana jira, fiye da yadda na taɓa ganin ya jira wani mai saye. Sannan ya ce to, in gaida yara. Bayan kwana biyar ya cika.

Da aka yi addu'ar bakwai na gaya wa matata. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta tashi ta shiga ɗakin yara, kuma kwana biyu abinci kawai take ajiye mini. A rana ta uku ta ce ba ita ya kamata in fara gaya wa ba.

Na sami mutumin a gonarsa a Taba yana ban ruwa. Na faɗa masa komai a tsaye, tun daga shiga mota. A hanya na yi ta fatan zai ce ai ya sani tuntuni. Bai sani ba. Ya kashe injin, ya zauna a kan kunya, ya riƙe kansa. Ya ce ranar da aka yi jana'izar ya ji sanarwa, yana da babur, yana da lafiya, ya ƙi zuwa. Ya ce tsohon nan shi ya yi masa huɗuba ranar da aka haife shi.

Ya ce, "Raken na yafe maka, ya wuce. Amma shekara shida ina wuce shi a kasuwa ina ɗauke kai. Wannan wa zan je in roƙa?"

Ya ce in jira la'asar. Bayan an idar da salla ya miƙe ya ce wa jama'a baƙo yana da magana, ya koma ya zauna. Na tsaya a gaban dattawan Taba na faɗi abin da na yi, da abin da Baba ya yi, da shekarun da na yi shiru. Liman ya ɗaga hannu aka yi wa marigayin addu'a, doguwa, wasu tsofaffi suna goge ido da bakin riga. Da aka fito kowa ya nemi takalminsa, ba wanda ya ba ni hannu.

Mutumin ya ce in kai shi Makarfi. Ya hau bayana muka tafi. A ƙofar gida ya sauka ya gyara hularsa, ya tsaya a bakin zaure ya ƙi shiga. Ya ce in fara shiga in gaya wa Inna wanda ya zo ta'aziyya, in kuma gaya mata da bakina abin da ya hana shi zuwa tun ranar farko. Na cire takalmi na yi sallama, na ji muryarta daga tsakar gida tana cewa, "Malam ne? Shigo mana, ɗana."

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya rufa masa asiri ranar tsayuwa kamar yadda ya rufa wa bayinsa a duniya, har da waɗanda ba su cancanta ba.